Ciwon Daji a Jikin Yara: Haƙƙin da ke Wuyanmu



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwa maza da mata na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mas'alar da za mu tattauna a yau ita ce ciwon daji a jikin ƙananan yara, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan ciwo na manya ne kawai, kamar na mama ga mata ko na mafitsara ga dattawa. Haƙiƙa yana kama yara, har da jarirai na goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga haihuwa zuwa shekara 19, ke kamuwa da shi a duniya. A ƙasashe masu arziki, sama da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A da yawa daga cikin ƙasashe matalauta kuwa, waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba.

Mu tsaya a kan wannan bambanci. Ciwon iri ɗaya ne, kuma da yawa daga cikin magungunan tsofaffi ne da aka sani tun shekaru 50 ko fiye da suka wuce. Daga cikin manyan dalilan da ke sa namu yaran ke mutuwa akwai guda 2 da ke hannunmu: jinkirin kai yaro asibiti, da kuma yanke magani kafin a kammala. A kansu ne wannan lacca za ta tsaya, domin su ne abin da za a tambaye mu a kai.

Mene ne ciwon daji?

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna hayayyafa bisa ƙa'ida, su tsaya bisa ƙa'ida. Idan wasu daga cikinsu suka fita daga wannan tsari, suka dinga hayayyafa ba tsayawa, sai su taru su zama ƙari, su danne abin da ke kusa da su, daga baya su bi jini su sauka a wani sashe na jiki. Wannan shi ne ciwon daji.

Akwai abubuwa 3 da ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, ba a ɗaukarsa. Cin abinci da yaron, ko kwana ɗaki ɗaya da shi, ko wanke masa kaya, ba ya sa wani ya kamu. Na biyu, mafi yawan dajin yara ba a san takamaiman abin da ke jawo shi ba, saboda haka babu hujjar ɗora wa uwa laifi, ko zargin kishiya, ko maƙwabciya. Na uku, dajin yara ya fi na manya saurin girma, amma kuma ya fi shi jin magani idan an zo da wuri.

Alamomin da za mu lura da su

Na farko shi ne kumburin muƙamuƙi ko na fuska, wani lokaci na ciki, wanda ke ƙaruwa cikin kwanaki kaɗan. Haƙora sukan yi girgiɗi ba lokacin famfara ba, ido yakan turo waje. Mu a gida mukan ce hangum ne ko ciwon haƙori. Hangum yakan sace cikin mako guda ko kwana 10, wannan kuwa ƙaruwa yake yi kullum. Likitoci na kiransa da sunan Denis Burkitt, wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Yuganda, wanda ya fara bayaninsa a 1958. Yana daga cikin dajin da ya fi kama yara a ƙasashen Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro, musamman 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma ya fi kama maza. Bincike ya nuna yana da alaƙa da yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro tare da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr da aka gano a 1964. Saurinsa ya kai ƙarin ya iya ninka kansa cikin kwana 1 ko 2, amma duk da haka yana cikin waɗanda suka fi jin magani. A nan Nijeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita ɗan Kamaru mai suna Victor Anomah Ngu yana cikin waɗanda suka fara warkar da yara daga gare shi da magani a shekarun 1960, har aka ba shi lambar yabo a Amurka a 1972.

Na biyu shi ne farin abu a tsakiyar baƙin idon yaro, wanda ke ƙyalli idan haske ya doke shi, kamar idon kyanwa da dare. Wani lokaci a hoton waya ake fara ganinsa, wani lokaci kuma idon ne zai karkace. Ya bambanta da hakiya, domin ita a saman ido take, shi kuwa daga can ciki yake. Wannan na iya zama dajin ido, wanda ya fi kama yaran da ba su kai shekara 5 ba. Wani irinsa ana gadonsa, don haka idan aka same shi ga yaro, wajibi ne a kai ƙannensa a duba su.

Na uku shi ne ƙari mai tauri a gefe ɗaya na cikin yaro, wanda sau da yawa uwa ce ke fara jinsa lokacin wanka. Mukan ce saifa ce ko tsutsar ciki. Yana iya zama dajin ƙoda, shi ma ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Wani lokaci ana ganin jini a fitsari.

Na huɗu shi ne dajin jini, wanda ke farawa daga ɓargo. Yaro zai ɗashe, tafin hannu da cikin ido su yi fari, zazzaɓi ya ƙi jin magani, a ga haɓo ko jini a dasashi, ga ciwon ƙashi har ya ƙi tafiya, ga kaluluwa a wuya ko hammata da ba ta sacewa. Akan ɗauka sikila ce ko taifot.

A ƙara da ciwon kai mai tsanani tare da amai da sassafe, da rama ba dalili, da kumburin ƙashi ba tare da faɗuwa ba. Ba duk yaron da ke da ɗaya daga cikin waɗannan ne ke da daji ba, mafi yawansu ma wata cuta ce daban. Amma ƙa'idar da za mu riƙe ita ce: duk kumburin da ke ƙaruwa, da duk zazzaɓin da ya wuce mako 2 ana magani bai sauka ba, da duk farin da aka gani a cikin baƙin ido, likita ne zai yanke hukunci a kansu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Inda kwanaki ke salwanta

Ya ku 'yan'uwa, mu duba yadda al'amarin ke gudana a gidajenmu. Kumburi ya fito, sai a fara da shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Bai sauka ba, a je kemis a sayo ƙwayoyi. Bai sauka ba, a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Daga nan sai wata ta ce wannan ba na Allah da Annabi ba ne, jifa ne ko sammu ko kambun baka, sai a nufi gidan boka da akuya da kaza. Kafin a ambaci asibiti an ci wata 2 ko 3, kuɗi sun ƙare, ciwon ya watsu.

Akwai kuma maganar da ta zauna a bakin mutane cewa daji ba ya son allura, wai in ƙarfen asibiti ya taɓa shi sai ya haukace. Asalin wannan magana shi ne mutane sun ga an kai marasa lafiya asibiti sun mutu. Abin da ba a faɗa shi ne an kai su ne bayan ciwon ya riga ya gama da su. Ƙarfen da ke cutar da mai wannan ciwo shi ne askar tsaga da ƙarfen sakiya, waɗanda ke buɗe ƙarin, su jawo zubar jini da ruɓa.

Zuwa wajen boka ɓarna ce ta fuska 2: ga taɓa aƙida, ga salwantar da kwanakin da yaron ke buƙata. Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Don haka tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Mu yi addu'a, mu yi ruƙya da abin da ya tabbata, amma mu yi su a kan hanyarmu ta zuwa asibiti da kuma gefen gadon jinya. Babba mai hankali yana iya zaɓa wa kansa, shi kuwa yaro amana ne, ba ya iya kai kansa ko'ina. Uban da ya zauna da shi a ɗaki yana kallo har ciwo ya ci ƙarfinsa, alhali yana da ikon motsawa, ya yi sakaci da kiwon da aka ba shi.

Hanyar asibiti

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, sannan babban asibiti kamar na Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa. A gaya wa likita gaskiyar ranar da abin ya fara da duk abin da aka sha ko aka shafa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ya yi zargin daji zai rubuta takardar tura mara lafiya gaba, a riƙe ta da kyau. Mutanen Sabuwa da Faskari, idan suka fito Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Zariya. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, inda aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a 2025. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano, sannan ga mas'alar ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

A can za a ɗebi jini, a ɗauki hoto, a kuma ɗebo ɗan nama daga ƙarin ko ruwan ɓargo a auna, domin a san irin dajin. Magani iri 3 ne: magani mai ƙarfi da ake sakawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, sai fiɗa, sai gashi da na'ura. Wani yaron ɗaya zai buƙata, wani 2, wani duka.

Mun san halin da yankinmu ya shiga. Shekaru da dama 'yan bindiga sun tare hanyoyi, sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, ma'aikatan lafiya da yawa sun bar karkara. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu 3, aka yi watanni ba a iya kiran ko direba. Duk wanda ya ce wa talakan Sabuwa ya kai ɗansa Shika, ya san ba ƙaramin abu ya ɗora masa ba. Wannan ne ya sa muka ce nauyin ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Yanke magani

Wannan ita ce musiba ta biyu, kuma ta fi ta farko ban takaici, domin tana zuwa ne bayan an sha wahalar isa asibiti. Maganin daji zagaye-zagaye ake yinsa, a yi, a huta, a dawo. Na kumburin muƙamuƙi yakan ɗauki 'yan watanni, na ƙoda kimanin rabin shekara ko fiye, na jini kuwa yakan kai shekara 2 zuwa 3.

Abin da ke faruwa shi ne, bayan zagaye na farko ko na biyu sai kumburin ya sace kamar ba a taɓa yinsa ba. Iyaye su yi hamdala, su ce ya warke. Ga damina ta kama, ga sauran yara a gida, ga kuɗin mota da na abinci da na magani, sai a ƙi komawa. Alhali abin da ido ke gani ne kawai ya tafi, saiwar tana nan. Bayan 'yan watanni sai ya dawo, kuma idan ya dawo ya fi wuyar jin magani. Kamar mai noma ne da ya sare kan ƙiri-ƙiri ya bar saiwarta a ƙasa.

Wasu kuma tsorata suke yi da abin da maganin ke jawowa: gashin kai ya zube, ga amai, ga gyambon baki, ga kasala. Waɗannan sanannun abubuwa ne, suna wucewa, gashi kuma yana sake fitowa. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi a tsakanin zagaye, domin maganin yana rage wa jiki ƙarfin kare kansa. Idan jikin yaron ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta.

Akwai kuma iyayen da ke gudu da yaro idan likita ya ambaci cire ido ko ƙoda ko yanke ƙafa. Muna jin zafin wannan, amma mu tuna da Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu 7 na Madina, ɗan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A.). Ciwo ya kama ƙafarsa yana Sham a zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, masu magani suka ce in ba a yanke ba zai haura jiki, ya yarda aka yanke, ya rayu ya ci gaba da karantarwa. Ƙa'idar malamai ce cewa ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Yaro yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, yana karatu da ido ɗaya.

Waɗanda Allah Ya ba lafiya

Yaron da ya gama magani ya dawo gida, jarrabawarsa ba ta ƙare ba. Wani ya dawo da ido ɗaya, wani da sanda, wani da tabo a fuska, kuma ya rasa shekara guda ko 2 na karatu. Sai yara su sa masa suna, iyaye su hana 'ya'yansu zama kusa da shi, idan mace ce a fara raɗe-raɗin ba za ta auru ba. Allah Ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma shi ne ladanin Annabi (S.A.W.) tare da Bilal, kuma an sha barinsa ya riƙe Madina. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, masu tarihi sun ambata cewa yana da ido ɗaya da gurguntaka, amma sarakuna sun zauna gabansa suna tambaya.

Malaman Islamiyya da na boko, ku karɓi irin wannan yaro, ku taimaka masa ya cim ma 'yan ajinsu, ku tsawata wa mai yi masa dariya. Iyaye kuma ku ci gaba da kai shi a duba shi a ranakun da likita ya sa, ko da shekaru sun wuce, ku adana takardunsa. Waɗanda suka warke su ne babbar hujjarmu, domin uwar da ta ga yaron maƙwabta ya je Shika ya dawo yana wasa, ba za ta saurari mai cewa daji ba ya son allura ba.

Wanda kuma Allah Ya karɓi ransa bayan an yi iya ƙoƙari, mu yi wa iyayensa ta'aziyya ba tare da gori ba. Annabi (S.A.W.) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Ko yaron da likita ya ce ba zai tashi ba yana da haƙƙin a ba shi maganin rage raɗaɗi, a kuma zauna kusa da shi.

Abin da ya wajaba a kanmu

A daren 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Iyaye suka cika harabar makarantar, masallatai suka yi alƙunutu, duniya ta ɗauka, har Allah Ya sa aka sako yara 344 a ranar 17 ga watan. Mun ga abin da al'umma ke iyawa idan ta ɗauki ɗan wani a matsayin nata. Yaron da ke kwance a ɗakin uwarsa da kumburin fuska shi ma ransa na cikin haɗari, sai dai babu mai jin labarinsa. Ceto shi farilla ce ta kifaya, idan kowa ya yi shiru kowa ya yi laifi. Ga abin da muke kira zuwa gare shi:

1. Limamai su keɓe huɗuba a kan waɗannan alamomi, malamai mata su karantar da su a makarantun matan aure, domin uwa ce ke fara gani. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yara masu wannan ciwo a duniya, watan Satumba kuma watan faɗakarwa ne a kansa. Mu yi amfani da su.

2. Kowane masallacin Juma'a ya kafa asusun jinya, da amintattun mutane 3 da littafin shiga da fita da za a karanta wa jama'a. Idan asusun ya ɗauki yaro, ya ɗauke shi har ƙarshen magani. Tallafin zagaye ɗaya a bar sauran, shi ne ke haifar da yanke magani.

3. Masu fitar da zakkar masara da dawa da shinkafa da ta kuɗi su tuna cewa mahaifin irin wannan yaro yakan haɗa siffofi 3 na masu cin zakka: ga talauci, ga bashi, ga yankewar guzuri a garin da ba nasa ba. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi. A wannan birni kuma aka buɗe asibitin dajin yara mai suna 57357 a 2007, da gudummawar jama'a aka gina shi, yana kuma yi wa yara magani kyauta.

4. 'Yan agaji da matasa su rubuta sunayen masu iya ba da jini, domin waɗannan yara suna yawan buƙatar ƙarin jini. A kuma sa mutum ɗaya ya riƙe ranakun komawa asibiti, ya tunatar, ya nemo mota.

5. 'Yan'uwanmu mazauna Zariya da Katsina da Kano su buɗe ƙofa ga mai jinya daga gida. Maƙwabta a ƙauye su yi wa gonarsa gayya, su kula da yaran da ya bari.

6. Mu riƙe gidan sauro, mu karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa yara gida-gida da damina.

7. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa zuwa 2030 aƙalla 60 cikin 100 na yara masu wannan ciwo su riƙa rayuwa a duniya. Ƙananan hukumominmu 3 ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi a tarayya. Mu kai masa wannan buƙata a rubuce, shi da shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai, cikin ladabi: a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamomi, a kuma tallafa wa iyaye da kuɗin mota da na magani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowannenmu idan ya koma gida yau, ya faɗa wa iyalinsa alamomin nan 4, ya kuma tambaya ko akwai yaro a unguwa da aka fara yi wa magani aka daina. Idan akwai, gobe a nemi mahaifinsa.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa likitoci da ma'aikatan jinya da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.